Jaririna kullum kuka da yamma, ku taimaka

Sabuwar Uwa: Salam 'yan uwa, dan Allah ku ban shawara. Yarona satinsa 5, da yamma ta yi sai ya kama tsala kuka yana naɗe ƙafafu, na ba shi nono na canza famfas amma ina, jiya har ni ma sai da na yi hawaye wallahi.

Maman Biyu: Sannu 'yar uwa. Kina sa shi gyatsa kuwa? Ɗora shi a kafaɗa kina shafa bayansa a hankali. Irin kukan nan yakan tsananta wajen sati 6, zuwa wata 3 ko 4 sai ya lafa da kansa.

Uwargida: Ni kam rage haske nake, in manna jaririyata a ƙirji ina zagaya ɗaki. In kika ji ranki ya fara ɓaci kwantar da shi rigingine a gadonsa ki ɗan fita ki sha iska, kar ki kuskura ki jijjiga shi da ƙarfi, yana taɓa ƙwaƙwalwa.

Maman Biyu: Af na manta, in zafin jikinsa ya kai digiri 38 a ma'aunin zafi ko ya ƙi kama nono, asibiti kawai, kar ki jira gari ya waye.