Motar da yaro ke ƙerawa tana janyewa gefe, tayoyi na zarewa: ina gyaran yake?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san ƙirar motar yara, irin ta waya da gwangwani da kara. Yaro ne ɗan shekara 9, hannunsa ba ya zama, kullum yana tsince-tsince a kangayen unguwa yana harhaɗa mota. Matsalolin uku ne: in ya tura ta sai ta riƙa janyewa gefe guda, tayoyin baya suna zarewa, sitiyarin kuma ado ne kawai, ba ya juya komai. Da wane kaya ya kamata ya fara, kuma yaya ake haɗa sitiyari mai aiki? Ina son bayani dalla-dalla, har da awo in da hali.

Kawu Bakanike:
Wa alaikumus salam, Baban Khalifa, Allah ya raya mana shi. Duk matsalolin nan uku daga ƙasan motar suke. Yara sukan ɓata kwana biyu kan bodi da gilashi da lamba, sannan su soka tayoyi cikin minti biyar, alhali tayar ce motar.

A fara da waya. Iri biyu ake buƙata, kuma kowace da aikinta. Wayar ɗaurin rodi, wadda magina ke zubarwa a kango, taushi gare ta, ɗauri kawai take yi. Ƙashin motar kuwa sai waya mai kauri kamar ta hanga ko ta shinge, kaurin milimita 2 zuwa 3, tsawon kamar mita 3. A miƙar da ita tukuna da guduma a kan dutse mai faɗi. A lanƙwasa ta ta zama murabba'i mai tsawon santimita 25 da faɗin 12, amma a matse gaban ya koma 8, don tayoyin gaba su sami wurin juyawa ba tare da sun gogi jiki ba. A ɗora shi a kan siminti: in kusurwa ɗaya ta ɗaga, a gyara yanzu, don bayan an ɗora bodi gyaran ba ya yiwuwa.

Taya kuma, tsohon silifas ya fi komai. Murfin kwalba ƙarami ne, yana nutsewa a yashi. A danna bakin ƙaramin gwangwanin tumatir a kan silifas ɗin ya bar zobe, faɗinsa ya ɗan haura santimita 5, sai babba ya yanke da sabuwar reza. Duk huɗun su fito daga silifas iri ɗaya, kuma a guji wajen diddige inda ya siɗe. Taya ɗaya da ta fi 'yar'uwarta girma ko kaɗan ta isa ta sa mota janyewa. Huda kuma dole ta faɗa tsakiya cif. A yanki takarda daidai girman tayar, a ninka ta biyu, a sake ninkawa, inda layukan suka haɗu nan ne tsakiya. A huda da ƙusa wadda ba ta kai kaurin sandar taya ba, don robar ta kama sandar gam.

Sandar taya, wayar ƙafar keke ta fi dacewa, don a miƙe take kuma ba ta saurin lanƙwashewa. A yanke ta yadda za ta ratsa faɗin motar da kaurin tayoyin biyu, har a sami rara a kowane gefe. Kada a ɗaure ta da jikin motar. Bututun biro ake ɗaurewa a jiki da wayar ɗauri, sandar ta ratsa ta cikinsa tana juyawa tare da tayoyin. A auna daga gaban motar zuwa bututun baya ta hagu da ta dama, awon ya zo ɗaya. In bututun ya karkace, motar za ta bi shi. Maganin zarewa kuwa: a bar santimita 1 na sandar a waje, a lanƙwasa shi da filaya ya kwanta ya nutse cikin robar. Tsakanin taya da bututu a sa dutsen ado ko guntun bututun biro, kada roba ta riƙa gugar jiki.

Sitiyari shi ne mai ɗan wuya. Bututun gaba ba a ɗaure shi da jiki. Ana ɗaure shi da wata gajeriyar waya da ke tsaye a tsakiyarsa, ita kuma ta ratsa ta zobba biyu, sama da ƙasa, da aka yi a tsakiyar gaban motar. A lanƙwasa kanta ya zama ƙugiya. Doguwar sandar sitiyari, kamar mita 1 ga yaro ɗan shekara 9, ita ma a yi mata ƙugiya a saƙala su, sannan a naɗe mahaɗar da ziririn tiyub ɗin keke don kada ta yi lako-lako. Abin da aka fi mantawa shi ne zobe na uku a rufin motar ta baya, wanda doguwar sandar za ta ratsa. Shi ke riƙe ta a tsaye a wuri ɗaya. In babu shi, yaro na turawa sandar za ta riƙa lilo, gaban motar ya dungure.

A kuma tanadar masa matattun silifas da kanku. Unguwar da yara suka fara ƙirar mota, takalmin da ke ƙofar ɗaki yakan wayi gari da ramuka huɗu.

Malama Uwargida:
Bayanin Kawu ya cika, sai dai ni ban ga dalilin fara wa ɗan shekara 9 da waya mai kauri ba. Hannunsa ba zai iya lanƙwasa ta daidai ba, ƙarshe babba ne zai yi aikin yaro yana kallo. A fara masa da kara. A unguwannin bayan gari inda gidaje ke haɗe da gonaki, irin su gefen Ɗorayi da Mariri a Kano, daga kaka zuwa tsakiyar hunturu kara ba ya wuya.

Karan dawa ake nema, ya fi na gero kauri da yawan totuwa. Wanda ya sha iska amma bai bushe ƙayau ba. In ɗanye ne, yana bushewa zai motse, duk mahaɗai su saki. In ya bushe da yawa, totuwar marmashewa take. A yanka gaɓa-gaɓa, a ɓare ɓawon a tsaye siri-siri, kada a zubar. Totuwar ita ce katako, ɓawon shi ne ƙusa, shi ne kuma ƙarfen taga da na rufi. Inda ake son ƙarfi, kamar kusurwoyi, a soka ƙayar aduwa biyu a gicciye maimakon ɗaya a miƙe, don guda ɗaya zarewa take. Gaɓa 10 zuwa 12 sun isa babbar mota mai bodin katako, har da tsani a gefe.

A kula da ɓawon nan, kaifinsa ya isa ya tsaga yatsa. A koya masa ya riƙa jan sa yana nisanta shi da jikinsa. Kuma motar kara ba ta kwana a ƙasa: gara na ci, akuya ma na ci, ita ba ta barin ko sitiyari. A rataye ta a ƙusa.

Baban Khalifa, roƙona shi ne kada a karɓe masa aikin. A nuna masa awon sau ɗaya, a bar shi ya lalata ta farko da ta biyu. Yaron da ya gano da kansa dalilin da motarsa ke janyewa ya riƙe abin ke nan.

Yayan Unguwa:
Ina tare da Malama kan kara, amma yaron da ya riga ya fara tsintar waya ba zai daɗe a nan ba, fitila zai nema. Ga yadda ake yi. A ciro ƙananan ƙwayayen fitila daga matacciyar tocila. Farar ƙwaya tana son kusan bolt 3, shi ya sa batir ɗaya mai 1.5 ba ya kunna ta, yara su ɗauka ta mutu su jefar. Batir biyu ake jerawa, kan wannan a gindin wancan, a naɗe su da takarda da tiyub. Doguwar ƙafar ƙwayar tana zuwa ɓangaren batir mai ɗan tsini. In ƙafafun an riga an yanke su, a gwada. In ba ta kama ba a juya ta. Makunni kuwa guntun kwali ne da ake cusawa tsakanin batir da waya.

Batirin wayar salula kada ya shiga wannan harka ko kaɗan, in ya huje ko wayoyinsa suka haɗu yana iya kamawa da wuta. Ƙananan batura masu kama da maɓalli su ma a nisanta su da gidan da ke da mai rarrafe, haɗiye su na ƙona maƙogwaro.

In za a yi bodi da gwangwani, duk bakin da aka yanka a ninke shi ciki kamar rabin santimita a daddake da guduma. Yankan tsohon ƙarfen da ya kwanta a ƙasa, a wanke da sabulu da ruwa mai yawa, a kai yaro asibiti a duba maganar allurar cutar sarƙewar haƙora.

Baban Khalifa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura ɗaya: akwai injin tsohuwar rediyon kaset a hannunsa, yana juyawa da batir, amma da an ajiye motar a ƙasa sai ya tsaya.

Kawu Bakanike:
Ya haɗa injin kai tsaye da taya ke nan. Injin nan gudu gare shi, ba ƙarfi ba. A sa robar ɗaure kuɗi ta zama bel: ta zagayo siririn bakin injin, sannan ta zagayo wani faifai mai faɗi a kan sandar tayar baya. Murfin kwalba biyu da aka haɗa baya da baya sun isa, robar ta zauna a tsakaninsu. A duba jikin injin, yawanci an rubuta bolt 6 ko 9 ko 12. Mai 6 yana son batir huɗu, kuma nauyinsu a ɗora shi a kan tayoyin baya don kada su riƙa sulɓi. In motar ta tafi da baya, a murɗa robar ta gicciye kamar lamba 8.