Dillalin girgijen kwamfuta da alƙawarin inganci

Shawarar da aka fi nanatawa a wata tattaunawa kan dillalan girgijen kwamfuta, wato hayar kwamfuta da ma'ajiyar bayanai ta intanet, ita ce kada a amince da alƙawarin baka. Dillalin da ke haɗa ka da girgijen AWS na kamfanin Amazon ko Azure na kamfanin Microsoft ya rubuta a yarjejeniya wanda zai ɗauki alhaki idan aiki ya tsaya, shi ko kamfanin.

Sai batun alƙaluma, wanda ni ma ya fi damuna. Alƙawarin cewa girgijen zai yi aiki kashi 99.9 cikin ɗari na lokaci yana nufin katsewar kusan minti 43 a wata, kuma diyyar galibi ragin kuɗin haya ce, ba biyan asara ba, sai ma ka nema. Don haka ka riƙa auna ingancin da kanka.

An kuma ce a tambayi dillali wane kamfani ke biyansa la'ada.