Wace manhaja ce za ka ba ta maƙala ɗaya ta nemo maka 'yan uwanta?

Mai Furojet: Assalamu alaikum 'yan zaure, barkanmu da yamma. Dan Allah shawara nake nema, ina digiri na biyu ne kuma aikina a kan matsalar barci ga ma'aikatan jinya masu aikin dare, sufabaiza ta dawo min da babi na biyu ta ce maƙalun da na kawo duk kamar 'yan ɗaki ɗaya ne, ni kuma wallahi kullum kalmomin nan dai nake bugawa a wajen nema abu ɗaya yake ta dawo min, har na haddace shafin farko. Ba wata manhaja da za ka ba ta maƙala ɗaya ta nemo maka makamantanta?

Likitan Dare: Wa'alaikumus salam. Ƙanwata tunda harkar lafiya ce ki fara da PubMed kafin komai, rumbun neman maƙalun harkar lafiya ne, kyauta ne kuma maƙalun da aka jera a ciki sun haura miliyan 35. Ki buɗe maƙalar da ta fi burge ki, ki gangara ƙasa za ki ga Similar articles, to nan ne wajen. Ni yanzu ba na ma yawan buga kalma, daga wannan na faɗa waccan.

Mai Furojet: Yaya ina ganin wajen fa amma ban taɓa dannawa ba, na zaci talla ce 😅

Malamar Laburare: Ba talla ba ce 'yata. Bari in ɗan yi bayani don in ba ki san yadda suke aiki ba za ki yi ta sauya manhaja alhali abu ɗaya suke ba ki. Duk waɗannan masu cewa "ga wata maƙala da za ta dace da ke" ba karanta maƙalar suke su gane ingancinta ba, alamu suke bi. Na PubMed ɗin da likita ya faɗa kalmomi yake dubawa, na taitil da na taƙaitaccen bayanin da ke farko da kuma kalmomin MeSH da ake liƙa wa maƙalun don rarraba su, wadda kalmominta suka fi haɗuwa da na taki ita za ta hau sama. Wasu kuma ba ruwansu da kalma, jerin madogara suke bi, wa ya ambaci wa. Wasu kuma sawun masu karatu suke bi, wanda ya buɗe wannan sai ya buɗe waccan. Matsalar da sufabaizarki ta gani ta masu bin kalma ce, kin ba su kalma sun dawo miki da masu wannan kalmar, wanda ya yi aiki a kan abin nan naki amma ya kira shi da wani suna ba za ki taɓa cin karo da shi ba.

Ɗan Kwamfuta: Anti ta gama magana. Kuma dabarar kalmomin nan tsohuwa ce fa, tun 1972 Karen Spärck Jones ta kawo tunanin cewa kalmar da ba ta cika fitowa a ko'ina ba ita ya kamata a ba nauyi, kalma irin "bincike" tana cikin kowace maƙala ba ta bambanta komai, amma "melatonin" in ta fito a biyu to akwai dangantaka. Shawarata ki gwada Connected Papers, ki sa taitil ɗin maƙala ɗaya zai zana miki taswira, kowane ɗigo maƙala ce, babban ɗigo an ambace shi da yawa, mai duhun launi sabo ne.

Mai Furojet: To shi wanne yake bi a cikin ukun?

Ɗan Kwamfuta: Madogara. Amma ba wai bishiyar wa ya ambaci wa kai tsaye ba ce, abu biyu yake haɗawa. Na farko in maƙalu biyu sun dogara da ayyuka iri ɗaya a jerin madogararsu to 'yan uwa ne ko da ba su san juna ba, wannan Kessler ne ya fito da shi a 1963. Na biyu in mutane suna yawan ambatar maƙalu biyu tare a cikin aikinsu to su ma 'yan uwa ne, wannan na Henry Small ne 1973. Bambancin yana da amfani ki sani, na farkon daga ranar da maƙala ta fito an gama don jerin madogararta ba ya sauyawa, na biyun kuwa sai an jira shekaru mutane sun fara ambatonta, shi ya sa maƙalar bana ba ta da abokai ta wannan hanyar tukuna. In taswirar ta fito ki danna Prior works, nan za ki ga kakannin fannin waɗanda kowa ke komawa gare su.

Mai Digiri Na Uku: Ni ResearchRabbit na fi so gaskiya, don ba maƙala ɗaya kake ba shi ba, tarin maƙalu kake zuba masa kuma yana haɗuwa da Zotero, fayil ɗin da ka riga ka tara kawai zai jawo. Illa dai mutum ya yi hattara yana cinye lokaci, ka shiga da niyyar minti goma sai ka ɗago kai ka ga dare ya raba ka tara maƙala ɗari ba ka karanta ko ɗaya ba. Wannan laifina ne ba na manhajar ba 😂

Mai Furojet: Zotero kuma mene ne dan Allah, kar ku gaji da ni

Mai Digiri Na Uku: Haba ƙanwata kina digiri na biyu da hannu kike rubuta madogara?? Ki saukar da shi yau ɗin nan, kyauta ne, shi ke ajiye miki maƙalu ya kuma jera miki madogara a salon da makaranta ke so. Wani abin da na fi so, tun 2019 yana sa jan gargaɗi in maƙalar da ke cikin tarinki an janye ta, da bayanan Retraction Watch, masu bibiyar maƙalun da aka janye, yake aiki.

Tsohon Malami: Ina karanta ku tun ɗazu. Ban hana kowa manhaja ba amma ku ji wannan. Duk abin da ke ƙirga ambato, wanda aka riga aka sani yake ƙara wa suna. Maƙala tana sama saboda an ambace ta da yawa, ɗalibi ya gan ta a sama ya ambace ta, gobe ta ƙara hawa. Robert Merton ya rubuta a kan wannan tun 1968 kafin a san wata intanet, mai shi ake ƙara wa. Ni a wajen duba ayyukan ɗalibai ina ganin abin, mutum goma fanni ɗaya madogara ɗaya kamar an buga musu hatimi. Sannan aikin da aka rubuta da harshen da ba Ingilishi ba, ko aka buga a ƙaramar mujalla, ko kundin digiri da ke ajiye a rumbun wata jami'a, yawanci ba ya cikin rumbun da manhajar ke ɗiba, abin da ba ya cikin tukunya kuwa ludayi ba ya fito da shi.

Ɗan Kwamfuta: Ranka ya daɗe gaskiya ne, amma na yanzu sun ɗan rage wannan. Semantic Scholar na cibiyar Allen da ke Amurka, wanda aka buɗe a 2015, suna da wani tsari SPECTER da ya fito a 2020, yana mayar da taitil da taƙaitaccen bayanin maƙala zuwa jerin lambobi ta yadda masu ma'ana ɗaya za su kusanci juna ko da kalmominsu sun bambanta, to maƙalar da ta fito jiya ba wanda ya ambace ta ma za ta iya fitowa.

Tsohon Malami: Da me aka koyar da shi?

Ɗan Kwamfuta: Da ambato ranka ya daɗe 🙈

Tsohon Malami: To ka gani.

Malamar Laburare: Farfesa a yi mana afuwa 😄 Amma maganar kundin digiri akwai mafita kaɗan. CORE na Open University da ke Ingila yana tattaro abin da ke rumbunan jami'o'i na duniya da mujallun da ake karantawa kyauta, har da kundaye, kuma yana da nasa mai ba da shawara wanda wasu jami'o'i ke liƙawa a shafin rumbunsu. 'Yata ki leƙa can ma. Sannan kar ki raina shafin laburaren makarantarku, in suna amfani da tsarin laburare na kamfanin Ex Libris wataƙila akwai mai ba da shawarar maƙalu da ake kira bX a ciki, shi tun 2009 yake kuma sawun masu karatu yake bi daga laburare masu yawa, asalinsa binciken Bollen da Van de Sompel ne a cibiyar bincike ta Los Alamos da ke Amurka. Abin da nake so da irin wannan shi ne yana tsallake katangar fanni, mai nazarin barcin ma'aikatan jinya zai buɗe maƙala a kan matuƙan jirgin sama ko masu aikin ma'adinai, kalma ba ta haɗa su ba madogara ba ta haɗa su ba amma mutum ya haɗa su a zama ɗaya.

Mai Digiri Na Uku: Anti wannan bin sawun fa? Kenan ana ganin duk abin da nake karantawa?

Malamar Laburare: Na laburare tarin sawu yake dubawa ba sunan mutum ba, abin da yake so shi ne wace maƙala ake buɗewa tare da wace. Inda ya kamata ka lura shi ne wajen da ka buɗe akawun da sunanka, nan kam tarin da ka ajiye da abin da ka danna duk naka ne kuma da shi ake gina shawarar, in ba ka ba su komai ba ba su da abin ba ka. Shi ya sa sabon akawun yake zama fayau.

Ɗan Kwamfuta: Wannan ma shi ya sa dabarar su Netflix ta bin sawun masu kallo ba ta cika aiki a nan ba. Fim ɗaya miliyoyi ke kallo, maƙala kuwa wata mutum talatin ne kacal za su buɗe ta, sawun ya yi kaɗan. Joeran Beel da abokan aikinsa sun yi bitar sama da maƙalu 200 a kan wannan fanni aka buga a 2016, kashi 55 cikin ɗari na hanyoyin abin da ke cikin maƙala suke bi, masu bin ra'ayin sauran masu karatu kashi 18 ne kawai.

Sabon Shiga: Ni fa ban ga abin wahala ba, me zai hana ta tambayi irin manhajar hirar nan ta AI ta jero mata guda ashirin a minti ɗaya

Likitan Dare: Ɗan'uwa kar ka jefa yarinya a rami. Na taɓa gwada wata ta ba ni madogara masu kyan gani, sunan marubuci na gaske mujalla ta gaske shekara da lambar shafi komai tsaf, na shiga nema wasu daga ciki babu su a duniya. In za ta yi amfani da ita don samo wasu kalmomin nema ba laifi, amma duk taitil ɗin da ta bayar sai an gan shi da ido a PubMed ko an buɗe DOI ɗinsa, wato lambar shaidar maƙalar a intanet.

Mai Furojet: Kai jama'a na gode Allah ya saka da alheri, amma kaina ya ɗan cika, da wanne zan fara?

Malamar Laburare: Ki zauna ki zaɓi maƙalu kamar biyar da kika karanta da gaske kika yarda da su, kar duk su zama na marubuci ɗaya ko shekara ɗaya, in da hali ɗaya ta zama bita ce ta ayyukan fannin. Irin da kika shuka shi zai tsiro, in biyar ɗin 'yan ɗaki ɗaya ne kowace manhaja ɗakin nan za ta maida ke. Ki bi Similar articles na kowacce, ki sa biyu a Connected Papers, sannan ki buɗe su a Google Scholar ki danna Cited by ki ga waɗanda suka zo bayansu. Wadda ta fito ta hanya biyu daban ki karanta ta da wuri. Wadda kuma ta fito ta hanya ɗaya tak kuma ta yi miki kamar baƙuwa kar ki yi saurin watsar da ita, sau da yawa irinta sufabaiza ke nema. In kin gama ki zuba su a folda a Semantic Scholar ki kunna Research Feed, maƙalar da ya kawo miki wadda ba ta dace ba ki danna masa cewa ba ta dace ba, da haka yake gyaruwa.

Tsohon Malami: Ki kuma karanta jerin madogarar bitar nan da idonki, layi bayan layi, da biro a hannu.

Mai Furojet: In sha Allahu Farfesa. Na ma sa ɗaya a taswirar yanzun nan, ashe akwai tarin aiki da suke kiran abin da rikicewar agogon jiki ni ban taɓa buga wannan kalmar ba ko sau ɗaya. Yaya mai digiri na uku, Zotero ɗin na saukar amma bai fito a cikin Word ba, ya ake yi?

Mai Digiri Na Uku: Rufe Word ɗin gaba ɗaya ki sake buɗewa, in bai fito ba ki turo min hoton allon