Taimakon juna a wurin aiki da unguwa a Kaduna: abin da aka tattauna

Ga abin da na tsinto daga wata doguwar muhawara da aka yi kan yadda ya kamata a taimaki juna a wurin aiki da unguwa.

1. Kusan kowa ya yarda a nemi izini kafin a sa hannu. A Panteka, kasuwar masu ƙere-ƙere da gyaran injuna, in ka ga maƙwabci yana fama da injin da ya ƙi tashi, ka ce "Oga, in leƙa?" Ɗaukar sifana a gaban yaransa zubar masa da girma ne, gobe ba zai neme ka ba.

2. Aron kayan aiki: a faɗi ranar mayarwa, a gwada jek ko injin walda a gaban juna. Rigima yawanci daga "da ma a lalace ka ba ni" take tashi.

3. Tsare wa juna shago lokacin Juma'a ko coci: a ƙirga canjin da aka bari, a rubuta duk abin da aka sayar, kada a ba kowa bashi ko da ɗan'uwan mai shagon ne.

4. Naman Sallah yana tsallaka gadar Kogin Kaduna zuwa Sabon Tasha, inda Kiristoci suka fi yawa, abincin Kirsimeti ya nufi Tudun Wada, inda Musulmi suka fi yawa. Domin kauce wa batun yanka, an ce a aika kaza da ranta.

5. Inda aka rabu shi ne tukwici. Wasu sun ce ƙin karɓa raini ne, musamman daga hannun dattijo. Wasu sun ce da ka karɓa ya koma ciniki. Haka batun tsaya wa baƙo garanto wajen neman aiki: mafi yawa sun ce kada ka sa hannu sai ka san gidansa, ni ma nan na karkata.