Tsofaffin layukan sismik na teku sun ƙi haɗuwa da sabbi, a taimaka

ɗan_zango:
Salamu alaikum ƴan uwa. Ina karatun jiyoloji nan jami'ar Damagaram, malamin da ke bin memuwar ɗina (kundin binciken kammala karatu) ya ban layukan sismik 2D (hoton shimfiɗun duwatsun ƙarƙashin ƙasa da ake samu ta hanyar harba sauti a auna lokacin dawowarsa) na cikin teku wajen Seme a Benin, wasu na shekarun 1970 wasu na bayan 2000, yace in haɗa su in fidda taswira guda. To duk inda layi biyu suka gitta juna shimfiɗar dutse ɗaya ce amma a tsohon tana sama a sabon tana ƙasa, wani wurin milisakan 20 wani wurin ya fi. In ja tsohon ne kawai har ya hau kan sabon ko ya ake yi? Don Allah kar wanda ya tambaye ni me ɗan Nijar ke nema a teku, na sha ji.

tsohon_injiniya:
Wa alaikumus salam. Ƙanena kar ka ja komi tukuna. Fara tambayar kanka, layin nan yana inda taswira tace yake? A shekarun 1970 babu GPS, jiragen da siginar rediyo daga gaɓa suke gane inda suke, irin su Decca da Shoran, ga igiyar makirufo da jirgi ke ja ruwa na karkata ta gefe kuma ba kullum ake rubuta karkatar ba. Sannan datum, wato ma'aunin da aka ɗora lambobin wuri na taswira a kansa. A Najeriya misali tsofaffin ayyuka kan datum ɗin Minna suke, sabbi kan WGS84, tsakaninsu kusan mita 100 ne, in dutsen na gangare to wannan kaɗai ya isa ya baka bambancin da kake gani.
Gwaji mai sauƙi, duba ƙasan teku a kowace mahaɗa. Sauti na tafiya wajen mita 1500 a sakan cikin ruwa, milisakan 20 zuwa da dawowa mita 15 kenan. In bambancin iri ɗaya ne daga sama har ƙasa a duk mahaɗun layin to za ka iya matsar da layin gaba ɗaya. In yana sauyawa daga mahaɗa zuwa mahaɗa matsalar wuri ce, kana ja za ka haifi tsagewar dutse da Allah bai yi ba.

maman_hafsat:
Gaskiya Malam ya faɗa, ni abin da zan ƙara shine faz da polarite, wato siffar siginar da kuma ko ta fara da tudu ko da kwari. Da can ba bindigar iska kaɗai ake harbawa don fidda sautin ba, akwai masu nakiya akwai masu tururi, kowane da kalar siginarsa, shi ya sa abin da ke baƙi a layi ɗaya sai ka ganshi fari a ɗayan ka bi wanda ba shi ba. Ka ɗauki sabon a matsayin uwa, ka mayar da duka faz ziro, ka rage wa sabon kaifi ya sauko daidai tsohon don tsohon ba zai hau ba. In akwai rijiyar neman mai kusa ɗaure da ita, ita ce alƙali. Kuma bayan haɗawa kar ka ga wuri na haske kace gas ne, tsofaffin an sha musu AGC, wato daidaita ƙarfin sigina da na'ura ke yi da kanta, don haka ƙarfin siginar ba na gaskiya bane.

ɗan_birni:
Masu cewa me ya kai mu teku, bututun manmu na Agadem ina ya ƙare in ba Seme ba hhh. Kuma ciwon kan nan ɗaya ne a tudu, kamfanonin mai Texaco da Esso da Elf duk sun bar layuka a yankin Termit na Nijar kafin CNPC ta China ta zo a 2008.

ɗan_zango:
Na gode ƙwarai Malam, na gode Hajiya. Na buɗe SEG-Y (fayilolin sismik) ɗin tsofaffin a manhajar OpendTect, wurin kordone, wato lambobin da ke nuna inda layin yake, duk ziro ne, wasu ma da gani daga takarda aka yi sikanin ɗinsu.

tsohon_injiniya:
To koma wajen malaminka ka nemi fayil na nabigasiyon mai nuna inda jirgin ya bi, yawanci daban yake zuwa, wani lokacin a tsarin fayil da ake kira P1/90. In babu sai taswirar wuraren harbi ta takarda, ka bi lamba lamba da hannu. Waɗanda aka yi sikanin kuwa tsarin duwatsu kawai za ka karanta a kansu, kuma a memuwar ka sa tebur na kowace mahaɗa da milisakan nawa ka matsar, ranar sutnans, wato ranar kare memuwar gaban malamai, shi za su fara tambaya.