Fistin ya gutsure bayan na ɗaura turbo: in saka wa bulok silif ko in nemi wani?

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da Honda Accord ƙirar 2003, wadda ake kira End of Discussion, mai injin K24 silinda huɗu. Na daɗe ina tara kuɗi, sai bara bayan babbar salla na sayi turbo (na'urar da take cusa wa inji ƙarin iska) na hannu a kasuwar kayan mota ta Ladipo, wani bakanike ya ɗaura min. Ya ce ya tsayar da matsin iskar a psi 7 (psi ma'aunin matsi ne). Birenbos kuwa, wato kwamfutar injin, ba mu taɓa shi ba, wai zai daidaita kansa. Wata huɗu na yi ina jin daɗin motar nan, wallahi kamar an canza min ita.

Ranar Lahadi da sassafe ina kan gadar Third Mainland, hanya fayau, na ɗan taka. Sai na ji wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, kafin in kai Oworonshoki hayaƙi ya turnuƙe bayana. Da muka cire tof, wato kan injin, fistin na uku ya gutsure tsakanin ringi na sama da na biyu, bangon silindar kuma ya karce, in ka ja farce a kai sai ya maƙale. Yanzu bakaniken ya ce a saka silif, wato bututun ƙarfe da ake dasawa a cikin silinda, a duka huɗun, daga nan ma in ina so in ƙara kwalbar naitiros, iskar gas da ake fesa wa inji don ƙarin ƙarfi. Kuɗin da ya faɗa ba ƙarami ba ne, ni kuma motar nan da ita nake kai yara makaranta. Ku ba ni shawara don Allah.

Baban Gareji:
Wa'alaikumus salam. Sannu ƙanena, Allah ya mayar da alheri. Sama da shekara ashirin ina kwance inji a Idi-Araba, kuma abin da ka kwatanta ba laifin bulok ba ne. Ƙarar tsakuwar nan man fetur ne yake fashewa ba a kan ƙa'ida ba. Legas a bakin teku take, matsin iskarmu kusan psi 14.7 ne, to ka ga psi 7 kusan rabin iska ka ƙara wa injin da aka ƙera ya ba da ƙarfin doki 160. Ka ƙara iska, ba ka ƙara mai yadda ya kamata ba, ba ka ja wutar filogi baya ba, wato ba ka jinkirta lokacin tartsatsinsa ba. Zafi ya yi yawa, ringi ya kumbura bakinsa ya haɗe, ba shi da wurin zuwa, sai ya ɓalle gefen fistin. Ko silif ɗin zinariya ka saka, in birenbos yana nan yadda yake, haka za ka sake dawo mana.

Shi silif ga amfaninsa. Bulok ɗin K24 alminiyom ne, an zuba shi da siririn ƙarfe a cikin kowace silinda, kuma samansa a buɗe yake, ruwa yana zagaye silindun har baki. In matsi ya yi tsanani sosai, bakin silindar yakan motsa, gaskit ya ƙone ko bangon ya tsage. Shi ya sa masu tsere a Amurka suke yanke na asalin su dasa mai kauri, irin na kamfanin Darton. Amma wannan maganar masu neman ninki uku ne na ƙarfin injin. Kai da psi 7 ba ka je nan ba.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda zai yi aikin. Dasa silif ba buga shi da guduma ba ne. Ana yanka ramin ya ɗan gaza silif ɗin da abin da bai kai kaurin gashi ba, a ɗumama bulok, a sanyaya silif, a zura shi ya zauna a kan dakalin da aka bar masa. Alminiyom yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe, don haka in aka yi sakaci a awo, rana ɗaya cikin gosulon Oshodi silif ɗin zai zame ƙasa, ruwa ya haɗu da baƙin mai. Na gani da idona, baƙin man ya koma kamar shayi da madara. Ka tambayi mai borin, wato mai faɗaɗa ramin silinda, ko yana da farantin da ake ɗaurewa a madadin tof lokacin goge silinda. In ya tsaya yana kallonka, ɗauki bulok ɗinka ka tafi.

Fara da awo. Faɗin silindarka milimita 87 ne. In karcen bai yi zurfi ba, a yi borin zuwa 87.5, ka nemi fistin masu ƙwari na wannan lambar da kwanrod ɗinsu (sandunan da suke riƙe da fistin), a buɗe bakin ringi fiye da na kamfani.

Mai Camry Mile 12:
Oga, ni dai in karcen ya wuce borin, ka koma Ladipo ka ɗauko ƙasan inji tokumbo, wato na hannu daga waje. Accord ɗin nan ta cika gari, ba za ka sha wahalar samu ba. Ka je da fitila ka leƙa kowace silinda da kanka, kada ka aiki yaro.

Injiniya Obalende:
Baba ya gama magana, sai dai batun naitiros da nake so in ja kunnenka. Iskar da muke shaƙa kusan kashi 23 cikin ɗari na nauyinta ne oksijin, naitiros kuwa kusan kashi 36. Kuma turbo a hankali yake tasowa, shi kuwa kana danna maɓalli matsin yake faɗo wa fistin gaba ɗaya. Dole a ƙara mai tare da shi, a ja wuta baya kamar digiri 2 a kan kowane doki 50 da ka ƙara, a saka filogi mai sanyi, wato mai saurin fitar da zafi. Ga fetur ɗinmu, yau ka sha mai kyau, gobe a wani gidan man ka sha wanda bai kai ba. Motar da take ɗaukar yara, ɗan'uwa, ka bar kwalbar nan. Kuɗinta ka kai wa mai saita birenbos da kwamfuta, ka sayi manyan injekta da agogon da yake nuna ma'aunin iska da mai a gabanka.

Ɗan Agege:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, jiya na kai bulok ɗin wani wurin borin daban, mutumin ya zura ma'auni ya ce 87.5 zai share karcen, kuma bai ga tsaga ba. Farantin da ka ce ma ya ɗauko ya nuna min. Na fasa silif, na fasa kwalba. Saura fistin, wanda ƙanin matata zai duba min. Baba, in sun iso zan kawo maka ringin ka gyara min bakinsu da hannunka, in ba damuwa. Asabar bayan la'asar kana gareji?