PCR ya ƙi fitar min da yankin da ke kunna TERT

Salamu alaikum. Ɗalibi ne ni a Kaduna, ina bincike kan ƙwayar gado ta TERT da ke kan kuromosom na 5, musamman yankin da ke kunna ta, inda sauye-sauyen harafin DNA da ake kira C228T da C250T ke buɗe wa furotin GABP wurin kamawa a wasu nau'o'in ciwon daji.

Ina so in ninka yankin da PCR (hanyar ninka ɗan guntun DNA a ɗakin gwaji), amma cike yake da G da C (biyu daga haruffa huɗu na DNA), abin da ke wahalar da ninkawa, shi ya sa na zuba DMSO (sinadarin da ke taimakawa wajen warware DNA) kashi 5 cikin ɗari, na ɗaga zafin mannewar firaima (gajerun DNA da ke nuna inda za a fara ninkawa) zuwa digiri 62 na Celsius. A kan jel, inda ake ganin sakamakon a matsayin layi, sai dishi-dishi, ko layi ɗaya babu. GAPDH kuwa, ƙwayar gadon da nake gwada ingancin samfur da ita, daga wannan DNA ɗin tana fitowa tas, don haka ba laifin samfurin ba ne. Sinadaraina sun kusa ƙarewa.

Don Allah waɗanda suka taɓa aikin wannan yankin, betaine (wani sinadari mai aiki irin na DMSO) zan ƙara ko polimerez ɗin (furotin da ke ninka DNA) zan canza?